Shafi na Tara

Har gobe, in mutum ya tsare ni da dogon zance, yatsuna uku na dama sai su sauka kan cinyata su kama tafiya su kaɗai, kamar kiyashi ya ji ƙanshin sukari. Mai ɗakina ta rantse iska ce, har turaren hayaƙi ta taɓa sayowa. Abokan hira a ƙofar shago suna cewa tsufa ne ya fara shigowa ta hannu. Duk ba su gano ba. Shothan ne, gajeren rubutun nan na akawuna da ake cafke magana da shi tun tana da ɗumi a bakin mai ita. Shekara biyu da rabi na yi ina koyonsa haɗe da bugun tafireta. Na yi aiki da shi sau ɗaya tak a duniya, na awa uku, kuma awa ukun nan su suka raba ni da aikin gwamnati har abada.

A wani zaure muka koya, nan Ƙofar Durbi, bayan masu faci. Tafireta bakwai ne a jere kan benci, huɗu masu rai, uku gawa, amma ko gawar sai an goge ta kowace safiya an lulluɓe ta da ƙyalle. In mu huɗu muka kama bugu lokaci guda, maƙwabta sukan fito su duba sama ko ƙanƙara ce ta sauko. Akwai wata baƙar tsohuwa a cikinsu mai nauyin jaki, wadda in ka kai ƙarshen layi ƙararrawarta ta kaɗa, mai shayin tsallaken titi yakan waiwayo ya ce, “Na'am?”

Mai makarantar Malam kawai muke ce masa. Siriri ne kamar fensirin da ke maƙale a kunnensa, kullum cikin farin kaftani mai kaifin guga, da agogon aljihu ɗaure da zare. A mulkin farar hula na baya, tun muna ƙarƙashin Kaduna, yana cikin masu zama a gaban 'yan majalisa suna ɗauke duk abin da aka faɗa. Wata safiya rediyo ta tashi da kiɗan soja, aka garƙame majalisa, Malam ya dawo gida da akwatin littattafansa ya buɗe zaure.

“Soja ba ya muhawara,” in ji shi. “Umarni yake bayarwa. Umarni kuwa ko ɗan aji uku ya rubuta shi. Amma ku bari su koma bariki. Ranar za a bi gida gida ana neman mai hannu.”

Shekara goma sha biyar yana wannan jira. An taɓa ɗan buɗe ƙofar a tsakani, kafin ya gama feƙe fensir aka sake rufewa.

Ni kuwa Babana tela ne a bakin kasuwa. Keke biyu gare shi, ɗaya ya ajiye mini tun ina firamare. Da na yi wata guda a zauren Malam sai ya ce in kawo littafina ya gani. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

“Mi ne wanga? Kaza ta bi ta kan laka?”

“Rubutu ne, Baba.”

“To karanta mu ji.”

Na karanta masa layi biyar ba gargada.

“Ka dai hwaɗi abin da ka ga dama. Wa zai ƙaryata ka?” Ya miƙo mini littafin. “Na ba ka har soja su tahi. In sun tahi ba ka samu kujera ba, ga kekenka nan, ina zuba mashi mai duk Juma'a.”

Na yi ta murna, don a lokacin in aka ce wa mutum har soja su tafi, an ba shi har tashin duniya ke nan.

Wata uku na farko ban taɓa tafireta ba. Wani katako Malam ya ba ni da aka zana wa da'irori da biro, a kansa nake ɗora yatsu takwas ina dannawa kamar mai yi wa gawa tausa. Da aka ɗaga ni zuwa na gaske, sai aka kifa mini kwali a kan hannuwa don kada in ga haruffa. Ido a kan takarda, baya a miƙe, ƙafa biyu a ƙasa. Ka saci kallo, rula ta sauka a bayan hannunka tun kafin ƙwayar idonka ta koma wurinta. Ƙaramin yatsana na hagu, wanda tun da aka haife ni bai taɓa yin aikin da ya wuce sosa kunne ba, shi aka ɗora wa ɗaga ƙarfe mai taurin kai, ya yi mako biyu yana kuka da sunana. In Hausa ka buga, ba a gama ba sai ka bi da biro kana yi wa haruffa ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, don maƙerin da ya ƙera injin bai san da mu ba. In ka yi kuskure ɗaya a layin ƙarshe, Malam ya zare takardar ya ce, “Allah ya jiƙanta,” ka ɗauko sabuwa.

Shothan kuwa ya fi. Sanda siririya da sanda mai kauri, wata a saman layi, wata a kan layi, wata ta huda layi, ga ɗigo, ga ƙugiya, ga zobe. Asalinsa na Turanci ne, amma Malam ya tanƙwara shi ya kama Hausa tun yana majalisa, domin a cewarsa ɗan majalisa da Turanci yake gaisuwa, in rai ya ɓaci da harshen uwarsa yake faɗa. Har da alamun gefe ya koya mana. In aka yi hayaniya ka yi gicciye a gefen shafi. In aka yi dariya ka yi ɗan zobe mai wutsiya, ka kuma rubuta ta a bugu, don dariya ma shaida ce.

Dokokinsa uku ne, mun haddace su kamar karatun allo. Ba ka ƙari, ba ka ragi. Kowane ɗan majalisa yana da haƙƙin kwafinsa a hannunsa kafin zama na gaba. Ta ukun ita ya fi nanatawa, yana tafe tsakaninmu da agogo a tafin hannu.

“Kunne ya miƙa wa hannu. Kada magana ta biya ta kai. Kai shi ne mai gardama. Ka tsaya kana cewa me yake nufi, an wuce ka da jimla uku. Kai rariya ce, ruwa ya bi ya wuce.”

Wallahi na zama rariya. Na kai inda zan ɗauke labaran rana na rediyo kaf, a tambaye ni me aka ce, in ce a bari in karanta. Na ɗauki wa'azi, na ɗauki cinikin rago, na ɗauki musun 'yan ƙwallo a teburin mai shayi. Ranar wani suna a gidanmu goggonnina biyu suka kaure da faɗa a kan rabon tuwo, ina rakuɓe da littafi. Da aka zo sulhu kowace ta ce ba ta ce ba, sai na fito na karanta musu tun daga farko, har da maganar wani zane da aka ara tun kafin a haife ni. Nan take suka shirya. Suka haɗu a kaina, ɗaya da muciya, ɗaya da takalmi, sai da na kwana biyu ina cin abinci a shagon Baba. Da ina da hankali, da ranar na kammala karatu.

Akwai wani da muka fara tare, mai faɗin fuska da son dariya, wanda bai wuce wata huɗu ba ya daina zuwa. Da yatsa biyu yake bugu, kamar zakara yana tsintar gero, in an kifa masa kwali sai ya huda shi da biro ya riƙa leƙe. Shothan kuwa ya ce shi bai ga abin da zai sa mutum da hankalinsa ya zauna zanen tsutsa ba. Mai yatsa biyu muke ce masa, yana amsawa.

Sai ga shi soja sun tafi da gaske. Ranar Malam ya sa sabuwar hula, ya feƙe duk fensiran zauren har da guntayen da ba su kai ɗan yatsa ba. Shi ma Baba ya yi nasa shirin. Na dai dawo na tarar an fito da keken daga lungu an ɗora masa sabon bel.

Guraben majalisar jiha tun kafin mu ji labarinsu an cike. Malam ya ce ba komai, a ƙasa ake fara gini. Cikin damina sai ga sanarwa daga wata ƙaramar hukuma da ba zan faɗi sunanta ba, mota ɗaya ce daga birni, ana neman mutum ɗaya mai ɗaukar bayanin zaman kansiloli. Muka rubuta takarda mu da yawa, aka tace aka bar biyu. Ni, da mai yatsa biyu. Da na ga sunansa a jikin allo sai da na shiga bayan mota na yi dariya har na riƙe ciki. Na dawo gida na ce wa Baba ya nemi wani yaron ya ba shi keken.

Sakataren hukumar dattijo ne mai furfura a gemu, irin ma'aikatan da suka ga gwamnati bakwai suka binne shida. Shi ya yi mana bayanin gwajin. Kowa zai ɗauki zama ɗaya, ya bugo ya kawo. Mai yatsa biyu ya yi nasa a makon farko. Nawa ya faɗo ranar Laraba.

Na shiga da fensir shida da sabon littafi. Kansila goma ne, da ciyaman a kan kujera mai juyawa wadda ko ledar ba a cire mata ba. Aka ba ni ɗan tebur a gefen taga. Wani kansila mai ƙaton rawani, wanda kwanan baya nake ganinsa yana sayar da buhunan wofi a kasuwa, ya leƙo littafina da na gwada fensir.

“Kai samari, mi kake zanawa?”

“Shothan ne, Onarabul.”

“Ku zo ku ga ikon Allah! An kawo muna mai zanen tsutsa.” Ya juya wajen ciyaman. “Ranka ya daɗe, wanga ko uwar da ta haife shi ba ta karanta shi.”

Aka bushe da dariya. Na yi zobe mai wutsiya a gefe, tun ba a buɗe zama ba.

Daga addu'ar buɗewa ban sake sanin inda nake ba. Na san ana ruwa a waje, na san fanka tana kuka, na san na canja fensir sau huɗu. Murya ta taso daga dama, hannu ya cafke. Ta taso daga hagu, ya cafke. Mutum uku su yi magana a tare, in raba musu layi. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, da Malam yana wurin da agogonsa da ya yi kuka. Da aka shafa fatiha na ɗago, wuyana ya ƙage, littafi ya kusa cika, kuma da za a ɗora mini wuƙa a ce me aka tattauna, sai dai a yanka.

Sakatare ya ce ribon ɗin tafiretan ofis, zaren tawadar nan, ya bushe, in je in buga a inda na saba in kawo. Washegari da hantsi na zauna gaban baƙar tsohuwar nan a zauren Malam, na jera farar takarda da kabon, na buɗe littafi. A nan ne na fara jin zaman da na halarta.

Shafi biyu na farko musu ne a kan wanda zai zauna kusa da fanka. Daga nan aka shiga maganar rijiyar burtsatse da aka ware wa wani ƙauye. Ta tashi daga ƙauyen a shafi na uku, ta yada zango a bakin kasuwa a shafi na biyar, a shafi na shida ta sauka a bayan gidan mai rawani, saboda a cewarsa ƙasar can ta fi laushi. Wani ya ce masa da ƙuri'ar surukai ya ci zaɓe. Shi kuma ya ce gara shi yana da surukan. Wani ya ce, “Kada a rubuta wannan,” hannuna kuwa ya rubuta kada a rubuta wannan, ya kuma rubuta wannan ɗin. Ina bugu ina dariya, ɗaliban da ke zauren suna ta tambaya.

Na zare shafi na takwas, na ɗaura na tara. Sauran batutuwa. Wani kansila ya tambayi maganar gurbin mai ɗaukar bayani. Ga amsar ciyaman, da zanen hannuna, sanda siririya da mai kauri, ba inda ya karkace:

“Wannan ai an gama. Na ƙanin Hajiya ne, ta gidana. Wancan yaron na bakin taga a bar shi ya ƙarasa zanensa, kada a ce ba a yi gwaji ba.”

A gefe ga zobe mai wutsiya, babba, na ma danna fensir.

Na karanta sau uku. Shekara biyu da rabi ban taɓa addu'ar in kasa karanta hannuna ba sai ranar. Ina zaune a ɗakin, tsakanina da mutumin bai fi taku biyar ba, ya yanka ni da bakinsa, ni kuwa na tara jinin a littafi ban zubar da ɗigo ba. Ban ma san matar ciyaman yayar mai yatsa biyu ce ba sai a shafi na tara.

Na ɗauki littafin na kai wa Malam. Ya sa tabarau, ya bi layin da bakin fensir, ya karanta kamar mai karanta jarida.

“Hannu ya yi kyau,” in ji shi.

“Malam, ka ga abin da ya ce kuwa?”

“Na gani. Sai me?”

“In tsallake wurin?”

Ya cire tabarau ya dube ni kamar na nemi izinin yin salla ba alwala.

“Mece ce doka ta farko?”

“Ba ƙari, ba ragi. Amma Malam...”

“Kai yaro ne, ba ka ga majalisa ba. Wannan ba mulkin soja ba ne. A farar hula takarda ita ce sarki. Na ga kwamishina ya tashi tsaye ya janye maganarsa saboda an karanto masa ita daga littafina. Ka buga yadda aka faɗa, ka ba kowa kwafinsa. In mutum goma suka ga wannan a rubuce, suka ga aikinka kusa da na wancan mai tsintar geron, shi ciyaman da kansa kunya za ta hana shi. Ba sa sanin nauyin magana sai sun gan ta a takarda.”

Har ga Allah na yarda. Mutum ne da bai taɓa yi mini ƙarya ba, kuma yana maganar idonsa na ƙyalli. Na ce ko zai duba mini in na gama, ya ce jarrabawa ce, ba ya duba aikin ɗalibi kafin a miƙa.

Shafi goma sha huɗu ya kama. Tsohuwar ba ta huda fiye da kwafi biyar a bugu ɗaya, ko ka hau kanta da ƙafa, don haka sau uku na buga shi daga farko har ƙarshe. Na bi kowane kwafi da biro ina ƙugiya. Kwana biyu na yi, yatsuna suka kumbura suka koma kamar rogo, da cokali na ci tuwo. Ranar Litinin da sassafe na isa hukumar, Sakatare bai iso ba. Na samu masinja, na ba shi kwafi goma sha ɗaya, kowanne da sunan mai shi a sama, na ce a hannu za a ba kowa. Na ajiye na Sakatare a teburinsa. Na koma ƙarƙashin dalbejiya na zauna ina gyara hula, ina jiran kunya ta yi aikinta.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na fara jin ta. Ƙofar ofishin ciyaman ta buga har tantabaru suka tashi daga rufi. Mai rawani ya fito da takarda a hannu, wani malamin makaranta na biye da shi yana karanta masa shafi na shida. Ashe wani kansila da ba ya ga maciji da shi tuni ya aika da nasa kwafin ƙauyen da aka ɗauke wa rijiya. Ana ta kiran sunan masinja, masinja ya haye kekensa ya ce an aike shi. Can sai aka ce Sakatare na kira na.

Ya rufe ƙofa. Kwafinsa na gabansa, ya kai shafi na tara ya ɗora biro a kai.

“Zauna, ɗana. Wa ya koya maka aiki?”

Na faɗa masa.

“Allah sarki. Yana nan da rai? Na san shi a Kaduna.” Ya shafa gemu. “Shekara talatin ina aikin nan ban ga hannu irin naka ba. Ban kuma ga wauta irin taka ba. Ka san abin da ake kira bayanin zama?”

Ya jawo aljihun tebur ya fito da takarda ɗaya ya miƙo mini. Aikin mai yatsa biyu ne. Rabin shafi, layi na hawa na gangara, kuskure tara na ƙirga ban ma nema ba. An buɗe da addu'a. An tattauna batun ruwan sha, an amince. An tattauna sauran batutuwa, an amince. An rufe da addu'a.

“Wannan shi ne,” in ji Sakatare. “Wanda ya rubuta shi zai yi ritaya lafiya.”

“Yallaɓai, amma ai abin da suka faɗa na rubuta.”

“Shi ya sa. Wa ya ce maka mutum yana son abin da ya faɗa?” Ya rage murya. “Gurbin can ba naka ba ne tun farko, ka gani da idonka. Amma na riga na yi magana da ciyaman ranar Alhamis. Na ce yaron can ba zai iya buga ko takardar hutu ba, a ba ni kai a matsayin mai bugu, ka riƙa yi masa aikin, bayan shekara a tabbatar da kai. Ya amince. Da ka kawo mini rabin shafi a hannuna, da yau ka kama aiki.”

Ya karɓe takardar daga hannuna ya mayar aljihun tebur.

“Yanzu kuwa ya rantse ko shara ba za ka yi a hukumar nan ba, kuma duk ciyamomi abokan juna ne, a gidan saukar baƙi na Ji'ara, unguwar manya a birni, suke cin abincin rana. Kafin Juma'a babu wanda bai san mai tsutsa ba. Ka bi ta ƙofar baya. Mai rawani yana gaba da mutanensa.”

Na bi ta ƙofar baya, ta cikin gonar gero, a guje, da takalmi a hannu. Mutumin da ke ɗaukar kalma ɗari a minti, ga shi yana tsallen kunya-kunya kamar ɓarawon akuya.

Ban je gida ba, zauren na wuce. La'asar ta yi, ɗalibai sun tashi, Malam na zaune shi kaɗai yana lulluɓe gawarwakin nan uku. Na faɗa masa komai, har da maganar gurbi na biyu. Ina so ya ce ya yi kuskure. Kalma ɗaya nake nema, ko a shothan ne. Ya daɗe yana kallon agogonsa, kamar yana auna gudun wani da ba ya ɗakin.

“Akwai sauran kwafi?”

Na ba shi na ƙarshe, na ƙasan kabon, wanda haruffansa suka yi dishi-dishi. Ya ce in kawo littafin. Ya ɗauko jan fensir, ya shimfiɗa su gefe da gefe, ya fara bi layi layi. Ina tsaye. Ya wuce fanka, ya wuce rijiya, ya wuce surukai, jan fensir bai taɓa takarda ba. A shafi na tara ya tsaya.

“Da ya faɗi maganar, me aka yi?”

Ya ɗora bakin jan fensir a gefen littafin.

“Ga zobe a littafinka. Ina kalmar take a bugu?”

Sau uku na buga shafin nan, sau uku yatsuna suka tsallake kalmar. Ban shirya ba, ban ma sani ba sai da ya nuna. A shafi goma sha huɗu, nan kaɗai magana ta biya ta kaina.

“Sun yi dariya, Malam.”

“Dukansu?”

“Dukansu.”

Ya sa jan fensir ya rubuta ta da hannunsa a ƙarshen layin, ƙanana, a tsaye. Ya ƙarasa sauran shafukan. A saman na farko ya rubuta casa'in da tara, ya ja layi biyu, ya miƙo mini. 

“A zaurena ba a taɓa samun wannan makin ba,” in ji shi.

Na naɗe takardar na sa a aljihu, na fita ban yi masa sallama ba, ban kuma sake taka zauren ba. Da aka yi jana'izarsa na je, na tsaya a sahun baya. Mai yatsa biyu yana sahun gaba, ya zo da direba.

Washegarin ranar jan fensir, tun kafin a buɗe kasuwa na isa shago. Baba yana yanka wani yadi, bai ɗago ba.

“Sojan sun tahi?”

“Sun tafi, Baba.”

“Kujerar hwa?”

Na ja ɗan benci na zauna gaban keken. Ya turo mini wandon wani yaro da ƙafa.

“Kama daga ƙugu. Kuma nan ana kallon hannu, kada ka ɗinke mani yatsa.”